Yadda na shiga aikin sa kai a akwariyam ɗin bincike, daga cike fom har zuwa tankin oktofus

Mutane da dama sun tambaye ni yadda aka yi na samu shiga aikin sa kai a akwariyam ɗin bincike, wato wurin da ake ajiye dabbobin ruwa a tankuna don nazari, wasu suna ɗauka akwai wanda na sani a ciki, wasu kuma suna zaton ilimin halittun teku na karanta, to ko ɗaya babu. Abin da nake da shi kawai ɗan tankin kifi ne na ruwan daɗi da na riƙe shekara uku a ɗaki, sai kuma kwana biyu a sati da ba na komai. Shi ya sa nace bari in zauna in rubuta abin tiryan-tiryan yadda ya faru, domin ni na sha wata wahala da ba ta da dalili, kawai saboda babu wanda ya faɗa min abin da zan tarar.

Da farko dai akwariyam ɗin da ake biyan kuɗi a shiga kallo daban, na bincike daban, ni kuma ban san haka ba sai da na je. Na kallo shi ne mai manyan gilasai da fitilu masu launi da yara suna ihu. Na bincike kuwa ɗakuna ne masu sanyi, ƙasa a jiƙe kullum, bututu ta ko'ina har saman kanka, ƙarar famfo ba ta tsayawa dare da rana, tankunan ma yawanci na roba ne ko faiba marasa kyan gani, kowanne da takarda a liƙe an rubuta lamba da sunan mai gwajin da ranar da aka fara. Irin waɗannan wurare ba yau aka fara su ba, tashar nazarin halittun teku da ke Naples a Italiya tun 1872 Anton Dohrn ya kafa ta kuma har yanzu tana aiki. Dabbobin da ke ciki ba don su burge kowa aka ajiye su ba, kowace ɗaya akwai tambayar da wani yake nema mata amsa a jikinta. Da na fahimci wannan tun ranar farko da ban yi abin kunyar da zan ba ku labari can gaba ba.

Fom ɗin a intanet na cike shi, shafi uku ne. Sun tambayi shekaru, dole ka kai 18, sun tambayi ranakun da kake da sarari, ko za ka iya alƙawarin wata shida ba fashi, ko za ka iya ɗaga bokiti mai lita 20, ko jikinka yana ƙin jatan lande da kaguwa, sai sunan mutum biyu da za su tsaya maka. A ƙarshe akwai akwatin da aka ce ka faɗi dalilin da ya sa kake so, nan fa na saki baki, na rubuta yadda nake ƙaunar teku tun ina yaro da yadda kifin dolfin yake burge ni, wallahi yanzu idan na tuna dariya nake wa kaina, wurin ko dolfin ɗaya babu. Na tura, saƙo ya dawo min cewa an karɓa, daga nan shiru. Sati ɗaya, biyu, har biyar, kullum sai na duba imel har cikin akwatin shara. Na riga na haƙura ma, sai wani abokina yace ai tambaya ba laifi ba ce, na rubuta layi uku cikin ladabi nace ina bin sawun takardata. Washegari matar da ke kula da ’yan sa kai ta amsa, tace ba sa ɗauka ɗaya-ɗaya, tara mutane suke a yi musu horo tare, kuma rukuni na gaba sai bayan wata guda. Ashe duk zullumin da na yi a banza ne, babu wanda ya ƙi ni, ba a ma buɗe fom ɗin ba tukuna. Don haka ka tambaya tun ranar da ka tura, yaushe ake ɗaukar rukuni na gaba.

Ranar intabiyu na caɓa ado, takalmi na sha mai, na isa da wuri aka ajiye ni a benci kusan minti 40 saboda wani famfo ya tsaya kowa ya ruga can. Da aka kira ni na tarar da matar nan da wani dattijo sanye da takalmin roba, rigarsa a jiƙe har gwiwar hannu, shi ne shugaban masu kula da tankunan, kowa Oga yake ce masa, ni ma haka zan kira shi. Ya kalli takalmina ya yi murmushi bai ce komai ba. Ba su tambaye ni sunan kifi ko ɗaya ba, duk haddar da na kwana yi ta tashi a tutar babu. Oga yace, "Malam, ka shigo da safe kai kaɗai ka tarar kifi ya mutu a tanki, me za ka yi?" Na amsa da sauri nace zan cire shi in jefar kafin ya ɓata ruwan. Ya girgiza kai, yace cirewar daidai ne, jefarwar ce ba daidai ba. Za ka kira ma'aikaci, ka rubuta lambar tanki da lokaci, ka ɗebi ruwan a gwada, ka duba sauran kifayen, shi kuma mataccen ka sa shi a leda ka rubuta a jiki ka sa a firij, ba firiza ba, domin ƙanƙara tana fasa naman ta yadda likitan dabbobi ba zai iya gane abin da ya kashe shi ba idan ya zo dubawa. Na fito jiki a sanyaye ina ganin na faɗi. Bayan kwana huɗu saƙo ya zo an ɗauke ni. Daga baya matar ta faɗa min tankin da na riƙe shekara uku ne ya cece ni, da kuma yadda nace "ban sani ba" sau biyu maimakon in yi ta kame-kame.

Sai maganar takardu, wadda ta ci min sati uku. Katin shaida, hoto biyu, fom ɗin lafiya, shaidar allurar tetanus, takardar inshora da za ka sa wa hannu, da wata takarda ta alƙawarin ba za ka ɗauki hoton gwajin kowa ka watsa ba tunda yawancin binciken ba a wallafa shi ba tukuna. Allurar tetanus ɗin ce ta ja min lokaci, ana so a sabunta ta duk shekara 10, ni kuma ban ma tuna yaushe aka yi min ta ƙarshe ba, sai da na je asibiti aka yi min sabuwa aka ba ni takarda. Na kai takardun ofishin ma'aikata aka ce fom ɗin lafiyar tsoho ne aka turo min, an sauya shi, na koma na sake cikewa. Katin shiga ƙofa kuma sai da ya ƙara sati biyu, a tsakanin nan kullum sai na tsaya a waje ina jiran wani ya buɗe min. Kuɗi kuwa, ka sa a ranka ba a biyan ko sisi, kai ne ma za ka kashe. Ni na biya allurar, na sayi takalmin roba mai ƙasan da ba ya santsi, sai kuɗin zuwa da dawowa wanda shi ne ya fi cin aljihu idan ka lissafa wata shida. Su suka ba ni safar hannu da afuron na leda da tabarau na kariya. Takalmin farko da na saya mai arha ne, a sati na biyu na zame da bokiti a hannu na zauna daɓas a cikin ruwa, dole na sake sayen wani.

Horon yini biyu aka yi mana, mu bakwai. Yinin farko duk maganar yadda ba za ka illata kanka ba ce. Ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki fiye da ruwan daɗi nesa ba kusa ba, kuma gishirin yana bin waya ya bushe a kan soket, don haka ba a taɓa filogi da jiƙaƙƙen hannu ko da wasa. An nuna mana hoton hannun da wata ƙwayar cuta mai suna Mycobacterium marinum ta kama, tana shiga ne ta ɗan yanka idan ka tsoma hannu a tanki, ta fito kamar ƙurji da ba ya warkewa wata da watanni, aka ce duk wanda ya ga irin haka ya faɗa wa likita cewa da ruwan kifi yake aiki. An ce idan ƙayar kifi mai dafi ta soke ka, ka tsoma wurin a ruwan zafi daidai yadda fata za ta iya jurewa sannan a kai ka asibiti. An ja mana kunne kan wasu ’yan uwan murjani masu laushi, halittun teku ne da ke manne a dutse, da ke ɗauke da guba mai suna falitoksin, ba a kankare dutsen da suke kai ba tare da safa da tabarau ba. Kuma ba a haɗa bilic, ruwan wankin nan mai kilorin, da asid, hayaƙin da zai tashi kisa yake. Yini na biyu wata malama ta zo ta yi mana bayanin haƙƙin dabbobin gwaji, ƙa'idoji uku da Russell da Burch suka kawo a 1959, wato a nemi wata hanya maimakon dabba idan akwai, a rage yawan waɗanda za a yi amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Ta ce dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta sa oktofus, dabbar teku mai hannu takwas, da danginsa cikin dabbobin da ake karewa a ɗakin gwaji duk da ba su da ƙashin baya. Lokacin ina jin abin kamar karatun da za a manta ne, musamman ƙa'ida ta biyu, ban san ita ce za ta dawo ta tsaya min a wuya ba.

Watan farko ban ciyar da ko da ƙwaro ba. Wanki ne kawai. Wanke bokiti, wanke raga, kankare gansakuka daga jikin gilashi, zuƙe kashi da ragowar abinci daga ƙasan tanki da siririn tiyo, goge ƙasa, a sake. Ba a amfani da sabulu ko kaɗan, ba ka shafa mai ko turare a hannu ranar da za ka zo, kowane ɗaki da launin bokitinsa da ragarsa kuma ba sa tsallaka ƙofa. A bakin ɗakin killacewa akwai faranti mai maganin kashe ƙwayoyin cuta da za ka taka kafin ka shiga da bayan ka fito, duk sabuwar dabba a nan take yin kusan kwana 30 kafin ta haɗu da sauran. Mutum biyu cikin rukuninmu a wannan watan suka daina zuwa, kuma gaskiya ban ga laifinsu ba, ni ma akwai ranar da na tsaya da buroshi a hannu ina tambayar kaina me ya kawo ni. Amma a watan nan ne na koyi ruwa, kuma Oga kullum cewa yake mu ba kifi muke kiwo ba, ruwa muke kiwo. Kowace safiya za ka bi tankuna da allon rubutu, ka duba zafi, ka ɗiga ɗigo biyu a kan gilashin wata ’yar na'ura da ake kira rifraktomita ka ɗaga ta ga haske ka leƙa, layin da ya raba shuɗi da fari ya tsaya a 35, wato giram 35 na gishiri a kusan kowace lita kamar yadda teku take. Ma'aunin pH kuma, wato awon tsamin ruwa, ya zauna wajen 8.1 zuwa 8.3. Sai gwajin amoniya da naitirait da naitiret da ’yan kwalabe masu sauya launi. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin da yake numfashi da kuma kashinsa, guba ce, wasu bakteriya da ke zaune a cikin filta, wato matatar ruwan, su mayar da ita naitirait, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da ita naitiret wadda take da sauƙi kuma ake rage ta da canjin ruwa. Shi ya sa ba a wanke soson filta da ruwan famfo, kilorin ɗin ciki zai kashe bakteriyar ka wayi gari tanki ya zama kabari.

Akwai wani abu ɗaya da kusan kowane sabon zuwa yake faɗawa, ni ma saura ƙiris. Na ga ruwan wani tanki ya ragu, na ɗauko bokitin ruwan gishiri zan cika, sai wani tsohon ɗan sa kai ya riƙe min hannu yace, "Tsaya ɗan'uwa, ruwan ne ya tafi, gishirin yana nan." Idan ruwa ya ragu saboda tururi, da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa, idan kuwa kai ka zuƙe shi da tiyo to da ruwan gishiri ake mayarwa. Magana ce mai sauƙi amma sai an faɗa maka.

A wata na biyu aka shigar da ni ɗakin haɗa abinci. Akwai takarda mai jerin ayyuka, kowane aiki sai ka kalli ma'aikaci ya yi, ka yi a gabansa sau uku, sannan ya sa hannu, daga nan ne za ka iya yi kai kaɗai. Daskararren kifi da jatan lande a firij ake barin su su narke tun dare, ba a zuba musu ruwan zafi, ana auna komai a sikeli har giram, wasu kifayen kuma sai an cusa musu ƙwayar bitamin B1 saboda akwai wani sinadari a namansu da ke lalata ta. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙyanƙyasar atimiya, wasu mitsi-mitsin jatan lande na ruwan gishiri. Ƙwansu kamar garin ƙasa yake ruwan ƙasa-ƙasa a gwangwani, ka auna cokali ka zuba a wata kwalba mai tsinin ƙasa, ka sa mata iska da fitila da ɗumi, bayan kamar awa 24 ka kashe iskar ka jira, ɓawon ya taso sama, ’ya'yan su taru a ƙasa launin lemo suna motsi kamar hayaƙi a cikin ruwa. Ka buɗe ƙasan a hankali ka tace su ka ɗauraye, kuma kar ɓawon ya bi, yana toshe cikin ƙananan dabbobi. Da su ake ciyar da jelifish, waɗanda tankinsu zagayayye ne kamar ganga a kwance, ruwan yana juyawa a hankali don kar su maƙale a kusurwa. Jikinsu kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, ba ƙwaƙwalwa ba zuciya, ƙwayar kumfar iska ɗaya idan ta shiga ƙarƙashin lemarsu tana iya huda ta, don haka ko ruwa za ka zuba sai ka bi jikin bango. Bayan ka ciyar da su za ka ga wasu zobba huɗu da ke tsakiyarsu sun koma launin lemo, kana kallon abincin a cikinsu ƙiri-ƙiri. Wata rana nace wa Oga ni ban ga amfanin binciken wannan abu mai kama da leda ba, yace in je in karanta labarin Osamu Shimomura, wanda ya ciro wani furotin mai ƙyallin kore daga wani nau'in jelifish, yau da shi ake yi wa ƙwayoyin halitta alama a ɗakunan gwaji a duk duniya, har ya kai shi ga kyautar Nobel a 2008. Na ja bakina na yi shiru.

To yanzu ga abin kunyar. A wani ɗaki akwai ƙananan tankuna 12 na bushiyar teku, dabbar nan mai ƙayoyi kamar ƙwallo, bakinta a ƙasa yake da haƙora biyar da take kankarar dutse da su. Na wata ɗaliba ce mai digirin digirgir. Shida da koren tef a jiki, shida da jan tef, ni aikina zuƙe kashi da gwada ruwa kawai, ciyarwa ita take yi da kanta. An faɗa mana ma'anar jan tef a horo, na ji kuma na manta ko kuma in ce na raina. Kullum ina ganin masu koren tef da ganyen ciyawar teku a gabansu, masu ja kuwa suna ta kankarar bangon roba babu komai, har ana ganin sawun haƙoransu. Tausayi ya kama ni, na ɗauka mantuwa ce aka yi da su. Ranar Talata na yagi ɗan ganye na jefa a tanki uku, ranar Juma'a na ƙara, ban rubuta a littafi ba saboda a ganina abin bai kai a rubuta ba. Talatar da ta biyo baya na shigo na tarar da ita tsugune gaban tankunan da tocila, tana ce wa Oga ba ta gane ba, ta ga koren kashi a inda bai kamata a ga komai ba, ko bututun ne yake kawo abinci daga wani tanki, idan haka ne duk gwajin na sati bakwai ya rushe. Gabana ya faɗi. Gwajin nata a kan yadda ƙarancin abinci yake shafar girman ƙwan bushiyar ne, masu jan tef sau ɗaya ake ba su a sati da awo. Na ci gaba da goge ƙasa kamar ban ji ba, na gama aikina na tafi gida, daren nan barci sai ɓarawo. Na san babu wanda ya gan ni, na kuma san gobe za su fara kwance bututu suna neman laifin da babu shi.

Da safe na koma duk da ba ranata ba ce. Na same su tare, nace, "Malama, ni ne, tanki na 7 da na 9 da na 10, ranar Talata da Juma'a, ganye kamar faɗin tafin hannuna." Ta kalle ni ta daɗe ba ta ce komai ba, da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ta ɗauko littafinta tace in sake faɗin lambobin. Tankuna ukun nan dole ta cire su daga lissafi, ta nemi izinin ƙaro wasu bushiyoyin ta sake musu daga farko, ka ga dabbobin da nake tausayi na jawo an ƙara yawan waɗanda za su sha yunwar, ƙa'ida ta biyun nan da na yi wa riƙon sakainar kashi. Amma sauran taran sun tsira tunda an san takamaiman inda ɓarnar ta tsaya. Oga ya kira ni gefe, na riga na cire katin ƙofa daga wuya ina jiran ya karɓa, yace in mayar, yace wanda ya yi kuskure ya faɗa za a iya aiki da shi, wanda ya ɓoye ne ba a iyawa, amma kwana ɗayan da na yi shiru shi ne ya fi ɓata masa rai. Aka mayar da ni wankin bokiti sati uku, aka soke hannun da aka sa min a takardar ciyarwa na sake daga farko. Ita kuma Malamar kusan wata guda gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai ranar da za ta auna bushiyoyin ta kira ni in riƙe mata sikeli.

Sai a wata na biyar aka bar ni na kusanci tankin oktofus, mace ce guda ɗaya. Murfin tankin da sakata huɗu, bakin bangon an liƙa masa ciyawar roba irin ta filin ƙwallo saboda ƙofofin tsotson hannunta ba sa kama ta, kowane bututu an rufe bakinsa da raga, domin abu mai tauri ɗaya ne a jikinta, bakinta mai kama da na aku, duk ramin da bakin ya wuce to sauran jikin ma zai bi. Zuciya uku gare ta, jininta shuɗi ne saboda jan ƙarfe ne yake ɗaukar iska a cikinsa, amma kuma maganin jan ƙarfen da ake sa wa kifi masu farin ƙurji a ɗakin killacewa idan ɗigonsa ya shiga ruwanta zai iya kashe ta, nan na ƙara gane dalilin launin bokitai. Muna sa mata kaguwa a cikin kwalba mai murfi ta kwance da kanta, don kar zaman kaɗaici ya dame ta. Ranar farko da ta miƙo hannu ta naɗe min yatsu, sanyi da santsi da wani irin ja mai ƙarfi, aka ce min ɗanɗana ni take, da hannun take jin ɗanɗano. Akwai wani ma'aikaci da ba ta ƙauna, duk ya wuce sai ta feso masa ruwa, ni dai ban taɓa shan fesin ba kuma na yi ta yi masa gori. Wata safiya na zo ta ƙi fitowa daga kogonta, na haska na ga zare-zaren ƙwai farare a rataye a rufin kogon tana ta shafa su tana hura musu ruwa. Na ruga da murna na faɗa wa Oga, sai na ga shi bai yi murna ba. Yace daga yau ba za ta ƙara cin abin kirki ba, haka halittarsu take, mace tana ƙwai sau ɗaya ta tsare shi ta mutu, irin nata duk rayuwar ba ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu, ƙwan ma babu namiji ba zai ƙyanƙyashe ba. Sati biyar ina miƙa mata abinci da tsinke tana ture shi, ina rubuta "ba ta ci ba" a littafi, launinta yana kodewa tana ramewa, har likitan dabbobi da mai binciken suka yanke shawarar a sauƙaƙa mata mutuwa. Babu wanda ya shirya ni wa wannan a horo, kuma ina ganin ya kamata a riƙa faɗa wa mutane tun farko.

Ga mai son nema, a fom ka rubuta abin da hannunka ya taɓa yi da ranakun da za ka iya zuwa da gaske, ka rage waƙar teku. Ka yi allurarka ka nemi masu tsaya maka tun kana jiran amsa, ka tambaya ko fom ɗin da aka ba ka shi ne na yanzu. Kar ka yi alƙawarin kwana uku alhali biyu za ka iya, domin idan ka fasa zuwa wani ne zai ɗauki tankunanka a kan nasa, dabbobin ba su san hutu ba. Duk tef da takarda da ka gani a jikin tanki ka tambayi ma'anarsa ko da an taɓa faɗa maka, kuma duk abin da ka sa ko ka cire daga ruwa ka rubuta shi a lokacin, da lambar tanki da awa, ko da kana ganin ba komai ba ne.

Da wata shidan suka cika matar ofis ta kira ni ta ba ni takardar shaida, ta tambaya ko zan ƙara, na sa hannu a wani wata shidan. Tankin oktofus ɗin ni aka ba wa wankinsa, na kwashe duwatsun, na jiƙa shi da bilic, na kashe bilic ɗin da maganinsa, na ɗauraye sau uku, muka cika shi muka tayar da filta daga farko. Sabon tanki yana ɗaukar sati huɗu zuwa shida kafin bakteriyar su zauna, wata ƙaramar oktofus tana ɗakin killacewa tana jira. Jiya na gwada ruwan, amoniya ta sauka amma kwalbar naitirait har yanzu tana ba da launi, Oga ya duba yace a ƙara sati ɗaya.